Kujera Ta Huɗu A Teburi Na Tara

Shafi na 14

Ku masu cewa na cika jan rai, to ga shi. Waɗanda kuma suka wanke Glenys tas a ƙarƙashin shafin jiya, ku rage sauran zagin, kada ya ƙare muku tun rana ba ta ɗaga ba.

Ƙarfe shida da 'yan mintuna Raelene ta turo ƙofar gidan mahaifinsu da ke Balmain, tana jan akwatinta. Tun asuba ta kamo hanya daga Newcastle, bayanta duk ya riƙe, amma ranta fes. Yau ce ranar. Ƙarfe huɗu na yamma jirgin ruwan zai tashi da su ukun: ita, yayarta Glenys, da Baba Col.

Akwatuna biyu ta tarar a bakin ƙofa, kowanne an maƙala masa takardar kaya. Ta sunkuya don ta ga lambar ɗakin da aka ba su.

Coral Dominion.

Ta cire tabarau, ta goge da gefen riga, ta mayar. Rubutun bai canza ba.

Wattlebird ya kamata ta gani. Wata takwas ke nan da Baba da kansa ya zaɓi wannan ƙaramin tsohon jirgin, wanda yake kira Tsohuwa, ya ce shi yake so ko a fasa tafiyar. Shekara talatin da tara ya yi yana fentin babbar gada, yana kallon jirage suna wucewa ƙarƙashin ƙafarsa. Burinsa ɗaya kafin ya mutu, shi ma ya wuce ta ƙarƙashinta a saman jirgi. Sababbin jiragen nan kuwa tsayinsu ya hana su shiga, can ƙetaren gadar suke tsayawa. Ita kuma Tsohuwa wannan ce tafiyarta ta ƙarshe, daga nan sai wurin masu yankan ƙarfe.

"Glen!"

"Ki rage murya," aka amsa daga kicin. "Baba bai tashi ba."

Raelene ta fizge takardar daga jikin akwatin, ta shiga. Glenys na tsaye tana shafa wa gasasshen burodi man shanu, ko juyowa ba ta yi ba.

"Mene ne wannan?"

"Takardar kaya. Ko karatun ma ya gudu?"

"Kada ki raina min hankali da sassafen nan. Ina Wattlebird?"

"Na canza."

"Kin me?"

"Na canza, Rae. Zauna ki sha shayi."

Ku ji fa. Kamar wadda ta canza labulen banɗaki. Ita Glenys haka Allah ya yi ta, in ta yi ɓarna sai ta ɗora buta a wuta, a ganinta babu abin da shayi ba ya gyarawa.

"Yaushe?"

"Mako uku."

"Mako uku! Muna waya da ke kullum, har kina tambayata ko na sayi hular rana, ashe kin gama yanka mu ta baya?"

Glenys ta ajiye wuƙar. "Kin taɓa shiga jirgin nan? Ni na je na gani da idona. Kowace ƙofa akwai dakalin ƙarfe sai an ɗaga ƙafa. Kujerar Baba mai taya ba ta shiga banɗakin. Lif biyu ne, ɗaya ya mutu, ɗayan yana tari. Ko'ina warin man inji. Wancan kuwa komai a shimfiɗe yake, akwai asibiti na gaske a ciki, ɗakin Baba har da baranda."

"Baranda ya ce miki yana so?"

"Ba sai ya ce ba."

"Gidan bene ne aka ɗora a kan ruwa! Mutum dubu biyar, layi a wurin abinci, layi a wurin lif, yara suna ihu a kan lilo. Can za ki kai tsoho mai shekara tamanin da huɗu? Gada ya ce, Glen. Ƙarƙashin gada. Sau nawa ya faɗa?"

"To ki sa shi a jirgin fito mana. Duk bayan minti ashirin suna wucewa ta nan."

"Daga can ƙasa me zai gani? Cewa ya yi daga rufin jirgi, inda ƙarfen ke wucewa dab da kan mutum. Kin san haka sarai."

"Na san abubuwa da yawa." Glenys ta juyo gaba ɗaya, fuskarta ta yi ja. "Na san nauyin Baba, don ni nake ɗaga shi. Ke kin sani? Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, sau nawa kika yi masa wanka? Faɗa min. Sau nawa?"

Glenys ba ta jira amsa ba.

"Ki zo sau ɗaya a wata da kwalin kek, ki sumbace shi a goshi, ki ɗauki hoto, ki koma. 'Yar gaban goshi ta zo, gida ya cika da dariya. Ni kuma baiwa in wanke zanen gado. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, madam."

Maganar ta soki Raelene, don gaskiya ce, kuma babu abin da ya fi gaskiya zafi in ta fito daga bakin wanda kake fushi da shi. Amma ba ta da niyyar ja da baya.

"Duk na ji. Na gaza, na yarda. Ki kira su yanzu ki mayar da mu."

"Ba a fafe gora ranar tafiya. Tafiyar ƙarshe ce, mutane na layi. Ranar da na saki ɗakunan, kafin yamma an ba wasu."

"Baba ya sani?"

Glenys ta ɗauki buta ta hau zuba ruwa a kofin da ya riga ya cika.

"Glenys Pascoe, tambayarki nake. Baba ya sani?"

"In mun isa tashar zai gani."

"Innalillahi. Wato tura shi za ki yi kamar buhun dankali, sai ya ɗaga kai ya ga inda kika kawo shi?" in ji Raelene. "Kin manta yadda ya zauna a kan teburin nan, da hannun hagu, kwana biyu yana rubuta musu wasiƙa?"

Wannan wasiƙar kowa a gidan ya san da ita. A jirgi irin Tsohuwa ɗakin cin abinci ɗaya ne tak, kuma teburin da aka ba ka ranar farko shi ne naka har a dawo, da mutanen da ke kansa, ko kuna shiri ko ba kwa yi. Baba ya roƙi a ba shi teburi na tara, na jikin taga, mai kujera huɗu. Su uku ne. Raelene ba ta taɓa tambaya ba, don ta san ta huɗun ta mahaifiyarsu ce, Mama Beryl, da ta rasu shekara biyu da suka wuce. Ranar da ta gane haka sai da ta yi kuka a mota.

"Har kujerar Mama kika soke," ta ce. "Ke wace irin zuciya ce da ke?"

Glenys ta yi wata 'yar dariya marar daɗin ji.

"Kujerar Mama? Ke dai Allah ya ba ki lafiya."

"Me kike nufi?"

"Ba komai."

"A'a, kin fara, sai ki ƙarasa."

"Na ce ba komai!"

Ƙarar taya suka ji a kan katakon falo. Baba Col ne ya turo kujerarsa da ƙafa ɗaya da hannu ɗaya, ya tsaya a ƙofar kicin. Tun da sassafe ya saka farar rigarsa ta fita, maɓallan sun saɓa, ya taje 'yan gashin da suka rage masa da ruwa. Bakinsa a karkace yake tun ciwon, maganarsa na jan ƙafa, amma kan nan nasa garau yake.

"Kaji biyu a akurki ɗaya," ya ce. "Tun daga ɗaki nake jin ku. Rae, zo ki gyara min maɓallan nan, yau ba na son in fita kamar mahaukaci."

Raelene ta durƙusa gabansa. Maimakon maɓalli, sai ta ɗora masa takardar a cinya.

"Rae, kada ki soma," in ji Glenys.

Baba ya ɗaga takardar kusa da idonsa. Ya daɗe yana kallonta.

"Wannan na waye?"

"Namu ne, Baba. Glen ta mayar da mu babban jirgi."

"Don lafiyarka ne, Baba," Glenys ta yi saurin cewa. "Kujerarka ba za ta..."

"Yi min shiru."

"Likita ma ya ce..."

"Na ce ki yi min shiru!" Ya buga hannun kujerar har cokali ya faɗo daga tebur. Rabon da su ji wannan muryar tun suna 'yan makaranta. "Kujerata? Shekara talatin da tara ina rataye a jikin igiya, iska tana wasa da ni, yau dakalin ƙofa ne zai gagare ni? Da rarrafe sai in shiga jirgin nan. Ba kujera ba ce, Glenys. Dube ni. Kin buɗe min wasiƙa."

Glenys ta kau da kai.

"Shuɗiyar ambulan, mai kan sarkin New Zealand. Na neme ta har ƙarƙashin katifa. Kika ce wai tsufa ne ya fara taɓa min kai."

"Eh, na buɗe!" Glenys ta jefar da tsumman hannunta. "Na buɗe, na karanta, kuma ko yau aka sake ba ni sai na buɗe. Ni na riƙe hannun Mama a asibiti, ba kai ba, kai kana waje kana shan taba. Ni ta sa na yi mata rantsuwa. Ko shekara uku ba ta yi a ƙasa ba, za ka ɗauko wata ka zaunar a teburinmu?"

Raelene ta miƙe a hankali. Kanta ya ɗaure.

"Wata? Baba, mace ce?"

Ba wanda ya kula ta.

"Beryl ta yi nata, Allah ya saka mata," in ji Baba. "Ban taɓa cewa ba ta yi ba. Amma alkawarin da na yi mata na tsawon ranta ne. Ni ma nawa ya kusa. Kina so in tafi da shi a ciki?"

"Ka tafi da shi mana! Wa ya tambaye ka? Muna zaune lafiya!"

"Ke kike zaune lafiya."

"Ni? Ni ce ke zaune lafiya?" Hawaye suka zubo wa Glenys, ta share da bayan hannu cikin fushi. "Shekara biyu ina ɗauke da wannan abin ni kaɗai, ina kallon fuskarta, ina haɗiyewa. Kai kuma kana can kana shirya mana tarko. Jirgi mai ɗakin abinci ɗaya, kwana goma a tsakiyar teku, don kada kowa ya samu hanyar gudu!"

"Ƙwarai kuwa," Baba ya ce. "Na san 'ya'yan da na raina. Ku biyun nan in magana ta yi zafi sai ku buga ƙofa ku shiga mota. A teku ina za ki? A wancan gidan benen naki kuwa, wurin cin abinci ashirin, mutum zai yi kwana goma bai haɗu da wanda ba ya son gani ba. Shi ya sa kika zaɓe shi. Ba ni kika tausaya wa ba."

"Ya isa!" Raelene ta daka tsawa. "Ina tsaye a nan kuna magana a kaina kamar ba na wurin. Wace ce za ta zauna a kujerar nan?"

Butar ta tafasa ta kashe kanta.

"Glen?"

"Tambayi ubanki abin da ya rubuta a ƙarƙashin gadar. Ai ba ƙarfe yake son ya nuna miki ba."

Raelene ta juya ga tsohon. Ya sunkuyar da kai yana murza takardar kayan.

"Akwai wani ƙarfe a tsakiya, ta ɓangaren yamma," ya ce a hankali. "Daga sama ba a ganinsa, daga jirgin fito ya yi nisa. Na yi rubutu a wurin da farin fenti. Duk sanda aka zo sabunta fentin wurin sai in sake bi. Da na yi ritaya abokan aikina suka ci gaba, ba su ma san ko wace ce ba."

"Me ka rubuta?"

"Dulcie."

Raelene ta saki numfashi, har ta kusa yin dariya. Dulcie ai ƙanwar Baba ce. Gwaggon da ba a ambaton sunanta a gidan, wadda aka ce ta yi faɗa da iyayensu ta tafi Auckland, can ƙasar New Zealand, tun kafin su yi wayo. Ba ta taɓa ganinta ba, ko a hoto. Abin da ta sani kawai, duk shekara kati yana zuwa daga can, babu wasiƙa, babu komai, sai harafi ɗaya a ƙasa.

"Gwaggo Dulcie? Duk wannan tashin hankalin a kan Gwaggo Dulcie? Glen, kin haukace ne? Ƙanwarsa ce fa! Tsoho yana son ya shirya da 'yar'uwarsa kafin ya mutu, ke kuma kika..."

"Katin nan da take aikowa," Glenys ta katse ta, muryarta ta dushe. "Ni ta taɓa aiko min?"

Sai yanzu Raelene ta lura: da sunanta kaɗai katin yake zuwa.

"Faɗa mata sauran, Baba. Ba suna kaɗai ka rubuta ba."

"Shekararta goma sha bakwai," in ji Baba, bai ɗago ba. "A zamanin, yarinya in ta haihu babu aure, karɓe jaririn ake yi a ba wasu can, ba za ta sake jin labarinsa ba. Ubanmu har ya sa hannu a takarda. Ni da Beryl muka ce ba za a kai jininmu gidan baƙi ba, mu za mu ɗauka. Sharaɗin Beryl ɗaya ne: Dulcie ta bar ƙasar, kada ta dawo. Ranar da jirginta ya tashi ina bakin aiki. Ta ƙarƙashina ya wuce. Na hango ta a rufin jirgin, ita kaɗai, rigarta duk ta jiƙe da nono. Na yi ta ihu ba ta ji ni ba. Da goga a hannuna, sai na rubuta sunanta, na sa kwanan wata a ƙasa."

"Wane kwanan wata?"

"Tara ga Mayu, sittin da takwas."

Raelene ta dafa bakin tebur. Wannan kwanan watan ta rubuta shi a takardu sun fi dubu. Yana jikin lasisinta na tuƙi, yana jikin fasfon da ke cikin jakarta yanzu haka.

"A'a," ta ce.

"Rae..."

"A'a. Kada ka ce min Rae. Kai ne Babana."

"Ni ne, har gobe. Amma ni kawunki ne kafin in zama ubanki."

Ta dubi Glenys, wadda suka yi shekara goma sha biyar suna kwana ɗaki ɗaya, suna faɗa a kan madubi. Ta dubi hoton Mama Beryl da ke manne a jikin firij, tana dariya da hular Kirsimeti. Wani irin fushi ya taso mata wanda ba ta san a kan wa za ta sauke shi ba. Shekara hamsin da shida kowa a gidan nan yana kallonta yana yi mata ƙarya, har da matar da ta fi so a duniya.

A daidai nan aka ji shi. Dogon hon, mai kauri, daga wajen gada, har gilashin tagar kicin ya amsa. Duk wanda ya girma a unguwar nan ya san kukan Tsohuwa in tana shigowa.

Baba ya ɗaga kai, idonsa ya cika.

"Ga ta nan. Daga Auckland Dulcie ta hau. Na ce mata ta tsaya a rufin jirgi ta kalli sama." Ya juya wajen taga. "Yanzu haka tana karanta sunanta."

"Tana ciki?" Raelene ta ce. "Yanzu? A nan ƙasan layinmu?"

"Ba za ta sauko ba. Ta rantse ba za ta taka ƙasar garin nan ba sai 'yarta ta ce ta taka. Ƙarfe shida na yamma za ta zauna a teburi na tara, ta jira."

Ta jira wa? Ɗakunansu an ba wasu. Ba tikiti, ko ƙofar tashar ba za a bar su su wuce ba. Ƙarfe huɗu jirgin zai juya, ya sake bi ta ƙarƙashin gadar da tsohuwar matar nan ita kaɗai a gaban kujeru uku.

Raelene ta warci makullin motarta.

"Zan je tashar. In ta kama in kwanta a gaban ƙofa sai sun kira min ita. Baba, lambar ɗakinta nawa?"

"Rae, tsaya," in ji Glenys.

"Matsa min daga hanya."

"Don Allah ki tsaya. Ko sun kira ta ba za ta fito ba."

"Saboda me?"

Glenys ta jingina da ƙofa. Wannan karon ba Raelene take kallo ba, mahaifinsu take kallo.

"Ba jirgin kaɗai na canza ba. Na amsa mata wasiƙar."

"Kika ce mata me?" Baba ya tambaya.

"Na ce na san komai tun tuni. Na ce uwa ɗaya gare ni, kuma na binne ta. Na ce in tana da sauran kunya kada ta neme ni."

Makullin ya suɓuce daga hannun Raelene.

"Kin ce *kin* sani? Ke a wa?"

Glenys ta rufe ido.

"Da sunanki na sa hannu, Rae."